Ɗiyar da Hussaina ba ta ƙirgawa

In ka je rugar Namadi, can bayan Lafagu, ka tambayi matarsa Hussaina 'ya'ya nawa Allah ya ba ta, za ta ce maka huɗu. Tana nufin Abbas da Lauwali da Aminat da Fatiha. Ba ƙarya take son yi maka ba, ba kuma mantuwa ta yi ba, amma biyar ta haifa. Ta farin sunanta Bashira. A wajensu mace ba ta sa ɗan fari a lissafi, ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa ido cikin ido, balle ta zauna hira da shi. Rabin abin kunya ce, rabi kuma tsoron bakin mutane, don ana ganin wadda ta cika nuna ɗan farinta ita ke jawo masa ido. Haka uwar Hussaina ta yi can tsallaken iyaka, wajen Sagbana inda aka haife ta, haka ita ma ta tashi ta tarar. Wasu matan suna sassautawa in yaro ya girma. Hussaina kuwa ba mace ce mai yin abu rabi-rabi ba.

Ana yaye Bashira aka ɗauke ta zuwa cikin garin Bagudo, gidan yayar ubanta, Goggo Barira, wadda ta auri wani tela ta zauna a gari, Allah kuma bai ba ta haihuwa ba. Goggo Barira irin matan nan ce da in sun fara magana gara ka nemi wurin zama. Ita ta goya yarinyar, ita ta yi mata kitso, ita ta kai ta firamare tana faɗa da duk wanda ya ce ɗiyar Fulani ba ta boko. Bashira ba ta rasa komai a gidan nan ba, kuma ba ta taɓa cewa ta rasa ba.

Amma ta san wace ce uwarta. Duk ranar kasuwa Hussaina takan shigo da ƙwaryar nono a ka, doguwa, siririya, ba ta da yawan magana. Takan biyo ta gidan Goggo ta sha ruwa, ta ajiye curin man shanu a ƙaramin ƙoƙo ta ce, “Ga na gida.” Ba ta taɓa cewa na wane ne ba. Bashira na tsaye a bakin ƙofa, taku biyu tsakaninsu, sai uwar ta dubi Goggo ta ce, “Waccan tana lahiya?” Goggo ta ce, “Ga ta nan gabanki, tambaye ta mana.” Hussaina ta gyara gammo ta ɗauki ƙwaryarta ta fita.

Sau ɗaya Bashira ta gwada ƙetare wannan iyaka. Tana da shekara bakwai, ta hango uwar a rumfar masu nono, ta sheƙa da gudu ta rungume ƙafafunta a gaban mata. Hussaina ta ɓamɓare hannayen yarinyar a hankali, ba tsawa ba duka, ta ce wa ta kusa da ita, “Ku kama ɗiyar Barira ku mai da ta gida, kada ta ɓace.” Daga baya Bashira ta girma ta fahimci al'adar, har takan bayyana wa ƙawayenta 'yan gari yadda abin yake. Fahimtar ba ta hana abin yi mata ciwo ba.

A makaranta kanta ya buɗe da wuri. A sakandaren 'yan mata ta faɗa hannun Malam Na'Allah, malamin kimiyyar halittu, ɗan gajere mai saurin fushi da saurin hucewa. Shi kansa a ƙuruciyarsa ya nemi karatun likita a wata tsohuwar jami'a da ke can kudu, bayan an wuce Jebba, sau uku yana nema bai samu ba. Ya haƙura ya zama malami, amma hoton ƙofar jami'ar na manne a bangon ofishinsa har ya koɗe, kuma duk yarinyar da ta ci jarrabawarsa da kyau sai ya kai ta gaban hoton ya yi mata huɗuba. Bashira ta sha wannan huɗuba ta fi a ƙirga.

Da ta gama sakandare ta rubuta jarrabawar shiga jami'a, shekarar farko makinta bai kai ba. Ta zauna gida, kuma maimakon ta zauna haka nan sai ta riƙa zuwa asibitin gari tana taimaka wa ma'aikata da tafinta, don tana jin Fulatanci da Hausa da Turanci, tana kuma tsintar Dandanci daga matan da ke zuwa daga bakin iyaka. Shekara ta biyu ta sake rubuta jarrabawar, sai abin ya zo mata biyu a lokaci ɗaya. Tsohuwar jami'ar nan ta kudu ta ba ta gurbin karatun likita. Wata sabuwar makarantar likitanci a Birnin Kebbi, wadda sunanta bai yi nisa ba tukuna, ita ma ta neme ta. A shafin hukumar jarrabawa sau ɗaya mutum ke danna karɓa, in ya danna an gama. Mako huɗu aka ba ta.

Malam Na'Allah har gida ya zo, a kan babur, hularsa a karkace. Bai ma zauna a tabarmar da aka shimfiɗa masa ba.

“Bashira, wanga ba abin shawara ba na,” in ji shi. “Makarantar da ta yaye likitocin da ka koyar da likitoci! Ko Ingila kinka kai takardarta, tashi za a yi a ba ki kujera. Ki tahi shagon kwamhuta yau yau ki danna.”

“To, Malam,” in ji ta.

“Ba ‘to’ nika so ba. Yaushe?”

Ta ce za ta yi shawara da gida. Ya dube ta kamar ta ce za ta yi shawara da kaji, ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Ubanta Namadi shi ma kudu yake so. Shekarun baya ya sha bin motocin shanu zuwa can, kuma ya taɓa wucewa ta gaban ƙofar jami'ar a saman tirela. Tun da ya ji labari yake ba mutanen ruga labarin ƙofar, kullum tana ƙara tsawo. Shi ma ba ya zama da 'yar farinsa, sai dai saƙo, don haka ya aiko wa Goggo cewa in ana bukata a sayar da bijimi. Goggo kuwa safe da rana wa'azi ɗaya ne: “Ke, mi kika jira? Makarantar da kowa ka rububi ta kira ki, kina nan kina juya baki awa mai ciwon haƙori.”

Bashira ba sakarya ba ce, ta san abin da ake nuna mata. Ta san can akwai manyan malamai da injuna da marasa lafiya iri-iri da ba za ta gani a gida ba. Tana kuma son abin, ba don Malam kaɗai ba; wa zai ƙi a ce shi ne na farko daga Bagudo? Amma ta auna hanya. Zuwa kudu, sai ka bi ta Koko da Yawuri da Kwantagora da Makwa, yini guda cur in mota ba ta lalace ba, wani lokacin har da kwana. Wanda ya tafi can sau biyu yake ganin gida a shekara, shekara shida ko bakwai, kuma ta lura waɗanda suka tafi ba kasafai suke dawowa ba. Birnin Kebbi kuwa awa uku ce ta Dakingari da Bunza. Abin da ba ta iya faɗa wa kowa shi ne, tana da shekara ashirin kuma ba ta taɓa yin hirar minti biyar da uwarta ba, tana kuma jin cewa in ta tafi yanzu shi ke nan, sun rabu ke nan ba tare da sun taɓa haɗuwa ba. Amma wa zai bar babbar makaranta saboda matar da ba ta ko kiran sunansa? Abin da take so ta sani ɗaya ne, ko Hussaina ta damu ta tafi ko ta zauna.

Ta roƙi Goggo ta tambayar mata. Ranar kasuwa Goggo ta zaunar da Hussaina ta zayyana mata komai, nisa da kusa, Bashira na cikin ɗaki tana ji ta labule. Hussaina ta daɗe tana juya ludayi a hannunta. Can ta ce, “Ku tambayi ubanta. Ni mi nis sani ga boko?” Ta tashi za ta fita, kafaɗarta ta hagu ta bugi gefen ƙofa har nono ya fantsama.

“Karo na nawa ke nan?” in ji Goggo. “Wancan mako kin zuba ma mutum nono ƙasa, kwanon na gabanki. Hussaina, idonki ba lahiya ba.”

“Rana ta,” in ji Hussaina.

“Rana ta ƙi kowa sai ke? Likitocin ido na zuwa Litinin, kwana ukku za su yi. Ko ki zo da ƙahwarki ko in zo in ɗauko ki, kin san ni.”

Ta san ta, shi ya sa ta zo.

Ran Litinin asibiti ya cika tun hantsi, tsofaffi daga Kende da Illo da Tsamiya, har da waɗanda suka ƙetaro daga Benin da jin labarin kyauta ne. Babban likitan tawagar ɗan kudu ne, mai fara'a, ba ya jin Hausa sai “sannu” da “buɗe ido”. Malam Na'Allah ya riga ya binciko cewa a jami'ar nan ya yi karatu, ya kuwa zo takanas ya ja Bashira gefe ya nuna mata shi da haɓa. “Dibi abin da suka hiddawa,” in ji shi. Gaskiya ne kuma, mutumin ya iya aikinsa. Bashira aka sa ta tsaya kusa da shi tana tafinta, wata nas mai suna Halima Sa'adiya, baƙuwa ce ita ma da ta zo tare da su, tana rubuta kati.

Wajen azahar aka shigo da Hussaina. Tana ganin wadda ke tsaye kusa da likita ta ja birki, kamar za ta koma, amma layi na bayanta. Ta zauna ta mai da fuska bango. Likita ya ce a gaya mata ta kalli gaba. Bashira ta faɗa da Fulatanci, murya ƙasa-ƙasa, tana kallon ƙasa. Wannan ne karo na farko da ta ba uwarta umarni, kuma uwar ta bi.

Likita ya daɗe yana dubawa. Ya haska, ya ɗiga magani, ya auna da wani ɗan ƙarfe, ya sa ta rufe ido ɗaya yana motsa yatsa ta gefe. Fara'arsa ta ragu. Ya ce hawan jinin ido ne, ciwon da ke cin gani daga gefe a hankali ba zafi. Na hagu ya riga ya tafi, ba ya dawowa. Na dama akwai saura, kuma in ana ɗiga magani safe da yamma ba fashi, ana zuwa awo, zai iya kai ta shekaru masu yawa. In aka yi wasa, damina biyu ta yi yawa. Bashira ta juya maganar kalma bayan kalma, ba ta rage ba ba ta ƙara ba.

Sai likita ya ce, “Tambaye ta 'ya'yanta nawa.”

Bashira ta tambaya.

Hussaina na kallon bango ta ce huɗu.

Bashira ta san amsar tun kafin ta fito, ta ji ta a bakin uwar ba sau ɗaya ba. Amma ba ta taɓa zama ita ce za ta ɗauki kalmar ta miƙa wa wani ba. Tana iya cewa biyar, ba wanda zai sani. Tana iya cewa, likita, ni ma 'yarta ce. Kunya ta riƙe ta, da kuma wani abu mai kama da zuciya: tunda huɗu kika ce, huɗu ne. Ta ce wa likita huɗu, nas ta rubuta huɗu.

Likita ya ce ciwon nan yana bin jini. A kawo duka huɗun jibi, ranar ƙarshe, ya duba su, don in aka kama shi da wuri ana tare shi. Bashira ta juya wannan ma: yana bin jini, duk wanda kika haifa sai an duba shi. Hussaina ta miƙe. Ta karɓi katinta da kwalbar magani ta ƙulle a bakin zane, ta fita tana laluben ƙofa da hannun hagu.

Ran nan Bashira ta koma gida da shawara a yanke. Ta ce wa Goggo ranar Alhamis, in likitoci sun tafi, za ta je ta danna kudu. Goggo ta rangaɗa guɗa, ta aika aka gaya wa Malam Na'Allah. Bashira ta shiga ɗaki ta yi kukanta da rana tsaka, ta wanke fuska ta fito ta tankaɗe gari.

Ran Laraba Hussaina ta zo da su huɗun. Abbas da Lauwali an kirawo su daga wajen shanu, suna ta ƙunƙuni don ana shirin ƙetarawa Benin da garke, Aminat da Fatiha kuma suna ta dariyar gilashin gwaji. Likita ya duba su ɗaya bayan ɗaya ya ce duk lafiya, su riƙa zuwa awo shekara-shekara. Bashira ta fassara. Nas ta rufe katin ta kira na gaba.

Hussaina ba ta tashi daga benci ba.

Nas ta ce, “Inna, an gama, Allah ya ƙara sauƙi.” Wani tsoho mai sanda har ya shigo yana neman wurin zama. Ɗakin cike yake, akwai mata uku daga rugarsu a bakin ƙofa suna jiran layi, ga 'ya'yanta huɗu a tsaye. Hussaina ta miƙe. Ba ta yi magana da Fulatanci ba, don kada maganar ta bi ta bakin tafinta. Da Hausa ta yi, kai tsaye ga nas.

“Malama, gyara takardag ga. Biyar na.”

Nas ta ce, “Biyar me?”

Hussaina ta miƙa hannu ta lalubo wuyan hannun Bashira ta riƙe, riƙo mai ƙarfi irin na mai tatsa. Fuskarta na bango har yanzu. “Wagga ma tawa ta. Ita na hwara haihuwa. Ita ka karatu, ita ta hi bukatar ido. A duba ta.”

Ɗaya daga cikin matan bakin ƙofa ta kama baki. Abbas ya sunkuyar da kai ya fice, don bai taɓa jin haka ba tun da aka haife shi. Likita ya dubi wannan ya dubi waccan ya tambayi me ake cewa, sai nas ce ta gaya masa. Ya cire gilashinsa ya ce wa Bashira, “Mahaifiyarki ce? Shekaranjiya kina tsaye a nan kika ce min huɗu?” Ta ce e. Bai gane ba, kuma ba laifinsa ba ne. Ya nuna mata kujera.

Hussaina ba ta saki hannun ba har aka gama. Likita ya duba da kyau, ya sake dubawa, ya ce idanun Bashira garau suke. Da aka gaya wa Hussaina sai ta saki hannun kamar ta taɓa tukunya mai zafi, ta ja mayafi ta rufe fuska ta fita, 'ya'yan suka bi ta. Kafin ta kai Lafagu labari ya riga ta. An yi wata guda a ruga ana cewa Hussaina ta ƙirga ɗiyar fari a gaban maza, a banza ma, tunda ba a samu komai ba. Wata tsohuwa har ta kawo mata turaren hayaƙi don kare yarinyar daga baki, ta kuwa karɓa ta turara.

Da aka tashi aiki Bashira ta tsaya ta tambayi likitan. Ta gaya masa gurabe biyun da ta samu. Ya ce ba zai yi mata ƙarya ba, makarantarsu ta fi, kuma in ta je ba za ta yi nadama ba. Ta ce, maganin uwarta fa? Ya ce shi abin da ya gani a irin wannan aiki, kwalbar farko kowa na ɗigawa, ta biyu ake fara mantuwa, ta uku ba a saye, don ciwon ba ya zafi. Sai in akwai wanda ya tsaya a kai. Ta yi tunanin uwarta da kwanakin kasuwa, da watannin rani da ake ƙetarawa Benin da shanu, da kwalba a ƙulle a bakin zane. Ta kuma yi tunanin katin nan, wanda da ita ke riƙe da alƙalami a gaban wata Bafulatana, da ta san tambayar da za ta ƙara.

Ran Alhamis ta je shagon kwamfuta na bakin tasha ita kaɗai. Mai shagon ya buɗe mata shafin, ya ga sunan babbar jami'ar ya ce, “Kai, barka!” Ta ce ba ita ba, ɗayar. Ya tambaye ta sau biyu, ya tuna mata ba a gyarawa. Ta ce ta sani, ta danna da yatsanta.

Malam Na'Allah ya yi wata biyar ba ya amsa gaisuwarta. In ya hango ta sai ya ƙara wa babur wuta. Har yau in maganar ta taso yakan ce yarinyar ta yi wauta, sannan ya ƙara da cewa ɗalibarsa ce. Namadi ya aiko da saƙo cewa shi bai ga ƙofar ta Birnin Kebbi ba, amma bijimin na nan. Goggo ta yi kwana biyu tana faɗa, rana ta uku ta fara lissafin abin da za a riƙa aika mata a mota, yaji da ƙuli-ƙuli da daddawa, ta gane ashe ita ma ta samu, tunda ɗiyar na kusa. Bashira kanta akwai ranakun da take jin zafin abin da ta bari, musamman in ta ga a waya abin da takwarorinta na can ke koyo, kuma ba ta ɓoye wa kanta hakan.

Yanzu tana aji biyar. Sun fara shiga ɗakunan marasa lafiya, kuma abokan karatunta na yi mata dariya don in ta tambayi mace 'ya'ya nawa aka ba ta amsa, sai ta sunkuyar da kai ta ce, “Ban da na fari?” Sau da yawa matar takan yi murmushi ta kau da kai, Bashira ta ƙara ɗaya a kati.

Duk mako biyu, ran Juma'a bayan an sauko masallaci, tana hawa motar Bagudo da sabuwar kwalba a jaka. Ta kwana wajen Goggo, Asabar da safe ta hau babur zuwa ruga. Ta koya wa Aminat ɗigawa, ta kuma shawo kan ubanta, ta bakin Goggo, aka daina ƙetarawa da Hussaina in rani ya yi. Idon dama na nan. Ganin ya ƙuntata, ba ta ganin gefe, amma abin da ke gabanta sak tana ganinsa sarai.

Hussaina ba ta canza ba. Har yau ba ta kira sunan Bashira ba, in ta iso ma Aminat take tambaya, “Waccan ta iso lahiya?” In ka tambaye ta 'ya'ya nawa, huɗu za ta ce. Sai dai ranar da Bashira ke ruga ba ta yarda kowa ya ɗiga mata magani, takan ce hannun Aminat na rawa, alhali kwana goma sha uku hannun Aminat ɗin ne ke yi lafiya lau. Takan zauna a kan turmi a bayan bukka, inda ba kowa, ta ɗaga fuska. Bashira ta tsaya a kanta da kwalba, ta sa yatsa ta ja fatar idon ƙasa ta ce, “Inna, kalle ni, kada ki ƙifta.”

Ɗigo ɗaya ne, ba ya ɗaukar ko daƙiƙa uku. Amma Bashira takan daɗe tana girgiza kwalbar, tana gyara tsayuwa, tana duba bakin murfin, Hussaina kuwa ido a buɗe tana kallon fuskar 'yarta, ba ta taɓa cewa ta yi sauri ba.